Yadda ake cire inuwa a hoto ba tare da an ɓata shi ba

Ƙanwata tana sayar da atamfa da leshi a WhatsApp, daga Kantin Kwari take sarowa, sai ta shimfiɗa a tsakar gida ta ɗauka ta ɗora a sitatus. Rannan da daddare sai ga saƙonta, wai Yaya dan Allah duba min hotunan nan, guda 12, kuma duk wanda na buɗe sai in ga inuwar hannunta da ta wayar sun kwanta ɓaro-ɓaro a tsakiyar atamfar, wani ma har da inuwar kanta da ɗaurin ɗankwali. Kayan kuma ta riga ta ninke ta mayar leda. Haka na zauna a kansu har wajen sha biyun dare, 7 suka gyaru tas, 3 suka gyaru da ƙyar, 2 kuwa na ce mata gobe da hantsi ki warware ki sake ɗauka, babu abin da zan iya. Yadda na bi da su zan faɗa maka, ko waya gare ka ko kwamfuta.

Kalmar nan "cirewa" ita take ruɗar mutane tun farko. Mutum yana ganin kamar inuwa wani datti ne da ya hau kan hoto, a sa abin gogewa a goge. To ba haka ba ne, inuwa wuri ne da haske bai isa ba, abin da ke ƙarƙashinta yana nan, duhu kawai ya yi. Saboda haka kafin ka taɓa komai ka tambayi kanka, inuwar nan a kan me ta faɗa? In a kan bango ne ko siminti ko farin ƙyalle, wurin da babu wani zane, wannan gogewa za a yi, a ɗebo mai kyau daga gefe a liƙa a kai. In kuwa a kan fuska ne ko zanen atamfa ko rubutu, kar ka kuskura ka goge, haskawa ake yi. Duk hotunan da ka ga sun fito kamar an shafa musu man shanu a wuri ɗaya, zane ya narke, hanci ya baje, to wanda ya yi aikin gogewa ya yi a inda ya kamata ya haska.

Sai abu na biyu, wane hoto ne a hannunka. In an turo maka ta WhatsApp yadda aka saba turawa, to an riga an matse shi, kuma wurin duhun nan shi ya fi jin jiki, kana ɗaga haskensa za ka ga wasu 'yan murabba'ai da ɗige-ɗige kamar an watsa tsaki. Ka ce a sake turo maka a matsayin dokumen, ko aƙalla a danna HD kafin a tura. Wannan kaɗai ya raba ka da rabin wahala wallahi. Kuma ka yi kwafi ka ajiye na asali gefe, kar ka yi aiki a kansa.

Mu fara da waya tunda ita ce a hannun kowa. Ni Snapseed nake amfani da ita, ta Google ce, kyauta ce, ba talla, kuma tana tafiya lafiya lau ko a ƙaramar Tecno ko itel. Ka buɗe hoton, ka shiga Tools, ka zaɓi Tune Image, ka ja yatsa sama ko ƙasa har ka zo kan Shadows, sai ka ja dama a hankali. Za ka ga wuraren duhu suna buɗewa, masu haske kuma ba su cika motsi ba. In inuwar mai laushi ce, irin wadda ba ta da baki, wani lokacin iya nan ma an gama. Amma kar ka kai shi 100, ni ba na wuce 40 zuwa 50, daga nan hoto yake fara yin wani fari-fari kamar an bar shi a hazo.

Matsalar ita ce wannan ja da ka yi duk hoton ya shafa, har baƙin zanen da ke jikin atamfar da kake so ya zauna baƙi. Ga dabarar da mutane da yawa ba su sani ba alhali tana nan a gabansu. Ka ɗaga Brightness da Shadows sosai, ka manta da sauran hoton, idonka a kan inuwar kawai, har sai wurin ya yi daidai da hasken da kake so, ko da sauran wuraren sun ƙone, ba komai. Ka danna alamar amincewa. Sai ka duba sama akwai wata alama kamar takardu an jera da 'yar kibiya, ka danna, ka zaɓi View edits, ka taɓa Tune Image ɗin da ka yi yanzu, ka zaɓi alamar buroshi. Hoton zai koma yadda yake da farko, sai kai kuma ka riƙa shafa yatsa a kan inuwar kaɗai, duk inda ka shafa nan ne hasken zai bayyana. Akwai lamba a ƙasa, 100, 75, 50, 25, 0. Tsakiyar inuwa ka shafa da 100 ko 75, bakin-bakinta ka sauko 50 ko 25, in ka zarce ka sa 0 ka goge. Ka riƙa yin zumin da yatsa biyu, domin gwargwadon yadda ka shiga cikin hoton gwargwadon yadda buroshin yake ƙanƙancewa, kuma ka danna alamar idon nan ta nuna maka da ja duk inda ka shafa.

Akwai kuma Selective, shi ma yana da daɗi musamman a fuska. Ka ɗora ɗigo a kan inuwar, ka matse ko ka buɗe yatsu biyu ka ga iya faɗin da zai kama, shi yana bin kala ne, wato in ka ɗora a kan fatar da ke cikin duhu zai fi kama ire-irenta ya ƙyale riga. Na fi amfani da shi wajen inuwar hula, ka san yadda hular hana-salla take raba fuskar mutum biyu in rana ta take, goshi da ido baƙi ƙirin, haɓa tana walƙiya. Ɗigo biyu ko uku ƙanana sun fi ɗaya babba.

Yanzu ga inda kusan kowa yake faɗuwa. Ka haska wurin, haske ya yi daidai, amma ka duba ka ga har yanzu ana gane inda inuwar take, wurin ya yi wani shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Ba laifin wayarka ba ne. Wurin da rana ta haska hasken rana ne a kansa, mai ɗan ruwan ɗorawa, wurin inuwa kuwa hasken sararin sama ne kawai yake sauka a kansa, shi kuma shuɗi ne, idonmu ne yake gyara mana ba ma lura, kyamara kuwa ba ruwanta. Don haka bayan haske sai kala. A Snapseed ka shiga Brush, ka zaɓi Temperature, ka sa +5 ka shafa a wurin sau ɗaya, sannan Saturation +5 in ya ɗan koɗe. In kuma hoton biki ne da aka ɗauka a ƙarƙashin rumfar nan mai jan tamfol, to inuwar kalar rumfar za ta ɗauko, amarya ta fito jawur, a nan rage Saturation za ka yi ka ɗan sanyaya Temperature ɗin, ba ƙarawa ba.

Dan Allah a fata a yi hattara. Mu yawancinmu baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, kuma in ka cika ɗaga haske a baƙar fata ba fari take yi ba, toka take komawa, mutum ya fito kamar ya tashi daga jinya ko hunturu ya buge shi bai shafa mai ba. Ma'auninka shi ne ɓangaren fuskar da haske ya samu, ko wuya, ko bayan hannu, ka kai inuwar kusa da shi ka tsaya kafin ka iso. Ɗan duhun da ke ƙarƙashin hanci da haɓa da gefen kumatu shi yake sa fuska ta zama fuska, in ka kwashe duka sai ta zama kamar faifai, garin gyaran gira a rasa ido kenan.

Gogewa kuma, wato inuwar da ta faɗa a bango ko ƙasa, Healing ne a Snapseed, ka yi zumin sosai ka riƙa ɗanɗana yatsa kaɗan-kaɗan, kar ka ja layi ɗaya dogo, zai kwaso maka abin da ba ka aike shi ba, na taɓa ganin ya ɗauko kunnen mutum ya dasa a bango. Gaskiya a wannan fannin Magic Eraser na Google Photos ya fi shi iyawa, da can sai wayoyin Pixel, amma daga 2024 suka sake shi ga kowa. Masu Samsung na 'yan shekarun nan kuma ku duba cikin Gallery, wajen editin akwai Object eraser, a cikinsa akwai maɓallin Erase shadows, dannawa ɗaya ne. Yana ƙoƙari a kan takarda da abinci da kaya a kan tebur, a fuska dai ban yarda da shi ba.

To mu koma kwamfuta, inda aikin yake fita da kyau. Zan faɗi na Photoshop, amma in ba ka da shi, tunda tun 2013 Adobe suka mayar da shi na biyan kuɗi wata-wata, ka buɗe Photopea a burauza, kyauta ne, kusan komai wuri ɗaya yake da na Photoshop har maɓallan kibod. GIMP ma kyauta ne kuma shi ba ya buƙatar data in ka sauke shi, sai dai sunayen abubuwansa sun ɗan bambanta, misali abin haska inuwarsa yana ƙarƙashin Colors ne, Shadows-Highlights.

Ka buɗe hoto ka danna Ctrl da J, ya yi maka kwafin leya, wato wani shafin hoton a saman na asali, a kanta za ka yi ɓarnarka. Ka ɗauki Lasso, harafin L, ka zagaye inuwar, ba sai ka bi ta daidai-wa-daida ba. Sannan Shift da F6 ka sa Feather, wato laushin baki. Nawa za ka sa? Ka kalli bakin inuwar kanta, in mai kaifi ce irin ta tsakar rana 2 zuwa 5 ya isa, in mai laushi ce a babban hoto kana iya kai 30 ko 50. Yanzu a ƙasan akwatin leyoyi ka danna da'irar nan mai rabi baƙi rabi fari ka zaɓi Curves. Abin daɗin shi ne zagayen da ka yi da kansa zai zama maski, wato gyaran iya cikinsa zai tsaya. Ka kama tsakiyar layin ka ɗaga sama a hankali kana kallon hoton ba layin ba. Da haske ya zo daidai sai ka buɗe inda aka rubuta RGB ka zaɓi Blue ka ɗan sauke, ka zaɓi Red ka ɗan ɗaga, kaɗan fa, kamar gishiri a miya.

In ba ka yarda da idonka ba, kuma bai kamata ka yarda da shi ba bayan ka yi awa guda kana kallon sikirin, ka danna F8 akwatin Info ya fito. Duk inda ka ɗora linzami zai ba ka lambobi uku, R da G da B, wato ja da kore da shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Ka ɗora a jan fulawar atamfa da ke cikin haske ka rubuta lambobin, ka ɗora a irin wannan fulawar da ke cikin inuwa, sai ka yi ta jan layukan nan har lambobin su kusanci juna. Ba sai sun zama ɗaya ba. Wannan ne ya cece ni a wata atamfa mai ruwan hoda da kore, ni ina ganin na gama, lambobi suka nuna min shuɗin ya haura da kusan 20. Kuma ga masu sayar da kaya wannan ba ƙaramin abu ba ne, Hajiya ki tuna kostoma kalar da ta gani a hoto ita ta biya wa kuɗi, in aka kai mata ta ga wata daban ke za ta kira, ba mai editin ba.

Saura baki. Komai iyawarka za ka ga wani siririn layi ya rage a inda inuwa ta haɗu da haske, ko baƙi ko fari kamar an zana da alli. Ka danna kan maskin, ka ɗauki buroshi da harafin B, mai laushi, ka sauke Flow zuwa 10, fari yana ƙara gyaran baƙi yana rage shi, harafin X yana juya maka su. Ka bi layin a hankali, nan ne aikin yake cin lokaci, sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya ƙi, sai ka buɗe sabuwar leya a sama, ka ɗauki Healing Brush, ka sa Sample ɗinsa a Current & Below, ka riƙe Alt ka danna wuri mai kyau kusa da layin sannan ka ɗanɗana a kai. A kan zane mai maimaituwa kamar shadda ko atamfa Clone Stamp ya fi, harafin S, amma ka tabbata zanen da ka ɗebo ya hau daidai kan ɗan'uwansa, in ya goce ko da kaɗan ne ido zai kama.

Wani abu kuma, wurin da ka haska zai fi sauran hoton tsaki-tsaki, dole ne, domin hasken da kyamara ta samu a wurin kaɗan ne. Hoton JPEG matakin haske 256 kawai gare shi a kowace kala, kuma 'yan kaɗan ne daga ciki suka faɗa wajen duhu, in ka ja su da ƙarfi sai su tsage. Shi ya sa masu ɗaukar hoton biki suke ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, shi yana riƙe dubbai, sai ka ga sun fito da fuskar ango daga cikin duhu kamar ba a yi ba. In wayarka tana da Pro a kyamara ka duba ko akwai RAW a ciki. In babu, don rage tsakin a Photoshop ka shiga Filter, Camera Raw Filter, wajen Detail ka ɗan ɗaga Noise Reduction, kar ya wuce misali fata ta koma roba.

Inuwar bayan mutum a hoton fasfo ita ce mafi sauƙi, irin wadda filasha take jefawa a bango ta zagaye kunne da kafaɗa. Select, Subject, ya zagaye maka mutumin, ka danna alamar maski, ka sa leyar Solid Color fara a ƙarƙashi, shikenan. Ka dai duba gefen hijabi ko gashi ko hula da zumin kar a bar baƙin zare. Wannan na fom ɗin makaranta ne ko katin wurin aiki. In na biza ne kar ka soma, Amurka dai ƙa'idarsu a fili take ba sa karɓar hoton da aka sauya da kwamfuta, gara ka koma a sake ɗauka, mutum ya matso gaba taku biyu daga bango inuwar za ta faɗi ƙasa da kanta.

Na takarda kuwa, satifiket ko rasit ko takardar jarrabawa da ka ɗauka inuwar waya ta rufe rabi, akwai wata dabara da nake jin daɗinta har yau. Ctrl da J, sai Filter, Blur, Gaussian Blur, ka ja har rubutun ya ɓace gaba ɗaya ya zama saura haske da duhun takardar kawai. Sai ka je inda aka rubuta Normal a saman leyoyi ka mayar da shi Divide. Take za ka ga takarda ta yi fari fat daga sama har ƙasa, rubutu ya rage. Abin da ya faru shi ne ka raba hoton da taswirar haskensa, duk inda duhu yake an raba shi da duhu ya koma fari. Rubutun zai ɗan koɗe, sai ka ɗora Levels a sama ka jawo baƙar kibiyar hagu zuwa dama ya dawo. Yana aiki a Photopea da GIMP duka. In kana sauri kuma Adobe Scan ko CamScanner ko sikanin cikin Google Drive suna yin kusan haka da kansu, sai dai ka duba hatimi da sa hannun da aka yi da shuɗin biro, wani lokacin suna cinye su tare da inuwar.

Su Generative Fill da suka shigo Photoshop a 2023 da sauran masu ƙirƙirarriyar basira, ka zagaye wuri su cike maka, ba na ce ba su da amfani ba, a bango da ƙasa da ciyawa sun fi hannuna sauri nesa ba kusa ba. Amma ka sani ba haskawa suke ba, ƙirƙira suke. Na gwada a ɗaya daga atamfofin nan, ya cire inuwar tas, ya kuma zana min wasu ganyaye masu kyau da babu su a jikin atamfar sam. A fuska ma haka, sai ya ba mutum idon da ba nasa ba.

Guda biyun da na ce sun gagare ni, ɗaya a ƙarƙashin darbejiya ta ɗauka, inuwar ganye ta yi dabbare-dabbare a kan leshi mai huji-huji, wuri ɗari ne ba ɗaya ba, kowanne da bakinsa. Ɗayan kuma inuwar ta yi baƙi har lambobin Info suna nuna 3, 2, 4, babu komai a ciki da za a fito da shi, kana ɗagawa sai tsaki kore da ja. Irin waɗannan kar ka ɓata darenka. Washegari na ce ta shimfiɗa a baranda inda inuwa ta rufe ko'ina bai ɗaya amma sarari yana buɗe a gabanta, ta tsaya ta yadda hasken yake zuwa daga gefe ba daga bayanta ba, ta ja baya ta sa zumin 2x maimakon ta sunkuya a kan kayan, ƙaramin ƙaninmu kuma ya riƙe farin kwali a ɗaya gefen yana mayar da haske. Lokacin hunturu ma ba ta buƙatar duk wannan, hazon nan da muke tsaki da shi yana tace rana, inuwa ta yi laushi ko a tsakar gida. Minti biyar ta gama, ta turo min ta dokumen wannan karon, na buɗe na duba ban taɓa komai ba na ce ɗora abinki.